Darasi na Bakwai: Tace Hotunan Waya don Gano Wanda Ake Nema

Duk wanda wayarsa ta shekara biyu ko uku a hannunsa ya san wannan wahala. Ana zaune a majalisa, hira ta biyo ta kan raken bara, mutum ya ce, "Ku tsaya in nuna muku nawa." Ya buɗe galari ya shiga ja da yatsa. Hotunan biki su wuce, na suna su wuce, fastocin 'yan takara, rasit ɗin taki, fuskar jika, gaisuwar Juma'a da mutum talatin suka turo a guruf daban-daban. Kafin ya kai ga raken an kira salla, kowa ya watse. Hoton yana nan, ba wanda ya goge shi, amma da shi da babu duk ɗaya tunda bai samu ba a lokacin da ake bukatarsa.

Da hotunan nishaɗi ne kawai, da da sauƙi. To a Ikara da Maƙarfi da Kudan waya ta riga ta zama ma'ajiyar takardu. Manomin tumatir yana ɗaukar ganyen da ya fara ƙonewa ya tura wa malamin gona. Mai mazarƙwaila a Hunƙuyi yana ɗaukar kayan da ya loda kafin mota ta tashi. Mai ɗinki a Paki tana ajiye hoton duk rigar da ta gama don nuna wa masu kawo aiki. Sakataren ƙungiya yana riƙe da hoton rajistar mambobi da na takardar banki da na ranar rabon taki. Waɗannan hujjoji ne, kuma ranar da gardama ta tashi ake nemansu, ba tare da sanarwa ba.

Wannan darasi zai nuna abin da waya take rubutawa a jikin kowane hoto, yadda ake bin wannan rubutu a ware hoto ɗaya daga cikin dubbai, da wuraren da rubutun yake yaudarar mai nema.

Rubutun da ke bayan hoto

Waɗanda suka taɓa ɗaukar hoto a situdiyo a Zariya shekarun baya za su tuna cewa ana buga hatimin shago a bayan katin, mai hoton kuma ya sa biro ya rubuta rana da sunayen waɗanda ke ciki. Hoton waya ma yana da irin wannan rubutu, sai dai a cikin fayil ɗin yake, ba ya fitowa a fuska. A wannan littafi za mu riƙa kiransa bayanan bayan hoto.

Kowa ya ɗauko wayarsa ya buɗe hoto ɗaya wanda shi da kansa ya ɗauka. A nemi ɗigo uku a kusurwa, ko harafin i a cikin da'ira, a danna, sannan a zaɓi inda aka rubuta Details. A wasu wayoyin tura hoton sama da yatsa kawai ya isa. Za a ga rana da wata da shekara, da lokaci har minti. Za a ga sunan fayil, da nauyinsa, da foldar da yake ciki, da samfurin wayar da ta ɗauka, Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung. Idan an bar wa kyamara izinin sanin wuri, za a ga wurin ma.

Ba mai wayar ne ya rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kyamara ce take rubuta su a daidai lokacin da aka danna, bisa wani tsari mai suna Exif, wanda ƙungiyar masana'antun kayan lantarki ta Japan ta fitar a 1995. Da yake kusan duk masu ƙera kyamara da waya sun bi wannan tsari, hoton da itel ta ɗauka a Gubuci kwamfuta a Kano za ta karanta ranarsa ba gardama. Akwai wani tsarin kuma, na IPTC, wanda kamfanonin dillancin labarai suka kafa tun farkon shekarun 1990 domin ɗan jarida ya rubuta sunan wanda ke hoto da abin da ke faruwa, rubutun ya bi hoton duk inda aka aika shi. Bambancin tsare-tsaren nan biyu shi ne ƙashin bayan wannan darasi. Na'ura tana rubuta yaushe da ina da kuma da wace waya. Su wa ke ciki, me ake yi, don me aka ɗauka, wannan sai mutum ya rubuta da hannunsa.

Yanzu a dubi sunan fayil da kyau, domin mutane da yawa suna ɗaukarsa shirme ne. Ga misali: IMG_20240410_091532.jpg. Lambobi huɗu na farko shekara ce, 2024. Biyu na gaba wata ne, 04, wato Afrilu. Biyu na bayansu rana ce, 10. Bayan ƙaramin layin kuma lokaci ne: ƙarfe 9 da minti 15 da daƙiƙa 32 na safe. Ranar 10 ga Afrilun 2024 ita ce ranar Ƙaramar Salla, saboda haka tun kafin a buɗe wannan hoto ana iya cewa da wuya in ba na dawowa daga idi ba ne. Wanda ya iya karanta wannan suna ya riga ya yi rabin aikin.

Kalandar kai da kalandar waya

Ga inda gizo ke saƙa. Waya da lissafin watannin Bature take aiki, mu kuwa ba haka muke tuna abubuwa ba. Ba wanda zai ce muku an yi abu ranar 14 ga Yuni. Cewa za a yi bayan ruwan shuka ne, ko ana gobe Salla, ko lokacin canjin kuɗi, ko shekarar da sharon ya cinye tumatir. Saboda haka aikin farko na mai neman hoto ba a waya yake ba, a kai yake: ya juya abin da ya tuna ya koma rana da wata irin wanda waya ta sani.

Abubuwan da suka shafi kowa suna da ranakun da aka sani, kuma yana da kyau a rubuta su a bangon littafi. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairun 2023, na gwamnoni kuma 18 ga Maris. Wahalar canjin kuɗi ta fi tsanani a watannin farko na 2023. An sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023. Tsutsar sharon, wadda masana ke kira Tuta absoluta, ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir a watan Mayun 2016.

Salla ce take rikita mutane, domin ba ta zama wuri ɗaya a kalandar waya. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana 10 ko 11, don haka kowace shekara Salla tana matsowa baya. Ƙaramar Salla ta kama 21 ga Afrilu a 2023, sai 10 ga Afrilu a 2024, sai 30 ga Maris a 2025. Babbar Salla ta kama 28 ga Yuni a 2023, 16 ga Yuni a 2024, da 6 ga Yuni a 2025. Wanda ke neman hoton layyar shekara uku baya, ya tafi watan da aka yi ta bana, zai yi ta lalube a inda babu. Sai ya ƙara wajen kwana 11 a kan kowace shekara da ya koma baya.

Lokutan gona kuwa ku kuka fi kowa sani. Mai rake ya san watan da yake sara, mai noman rani ya san lokacin dashe da lokacin da kwando ke araha. Akwai kuma wata dabara da ba a cika lura da ita ba. Idan an tuna ranar kasuwar Maƙarfi aka ɗauki hoton, ko ranar Juma'a bayan an sauko, to wata guda ya ragu ya koma kwana huɗu ko biyar. Idan an tuna bayan la'asar ne, a cikin kowace ranar ma an san ɓangaren da za a duba, tunda hotunan yini a jere suke bisa lokaci.

Yadda ake tacewa

Tacewa ita ce a sa wa hotuna sharaɗi, waɗanda ba su cika shi ba su kauce daga allo, sannan a ƙara wani sharaɗin a kan waɗanda suka rage. Ba a goge komai, ɓoyewa kawai ake yi na ɗan lokaci.

A ƙaddara sakataren wata ƙungiyar manoma ne a ƙasar Kudan, da hotuna 4,000 a wayarsa. Wani dattijo cikin mambobi ya zo ya ce, "Malam Sakatare, ni fa buhu biyun nan nawa na takin wancan karon ban karɓa ba." Sakatare ya ce, "Allah ya huci zuciyar Baba, a ɗan zauna mu duba." Ya san ya ɗauki hoton takardar da kowa ya dangwala wa hannu. Ranar ce ya manta.

Sai ya tambayi kansa abin da ya tabbata da shi. Ya tuna a wurin rabon ana ta kukan kuɗin mota ya ninka, wato bayan cire tallafin mai ne. Ya kuma tuna ba a yi layya ba tukuna. Ke nan tsakanin 29 ga Mayu da 28 ga Yunin 2023. Hotuna 4,000 sun koma na wata ɗaya, a ce 150. Sharaɗi na biyu: shi ya ɗauka da hannunsa, ba turo masa aka yi ba. Saboda haka ya bar foldar WhatsApp, ya shiga ta kyamara, wadda a cikin ma'ajiyar waya take ƙarƙashin wata folda mai suna DCIM. Suka koma 40. Na uku: ƙungiyar ranar Asabar take zama. Asabar huɗu ce a wannan tsakani, ranakun 3 da 10 da 17 da 24 ga Yuni. Abin da ya rage bai fi a ƙirga da yatsu ba, kuma a cikinsu takarda ba ta ɓuya.

A lura da abu ɗaya a wannan misali. Kowane sharaɗi ana ɗora shi ne a kan na baya, dole hoton ya cika su duka. Wannan shi ne ƙarfin tacewa, shi ne kuma haɗarinta. Sharaɗi ɗaya na kuskure ya isa ya ɓoye abin da ake nema. Da a ce ranar wayar sakataren ba caji, ɗansa ne ya ɗauka ya turo masa, to da zai ƙare duba foldar kyamara bai ga komai ba, har ya fara zargin kansa. Don haka a fara da abin da aka fi tabbata da shi, a bar mai shakka zuwa ƙarshe. Idan aka tace aka ga wayam, kada a ce hoton ya ɓata. A cire sharaɗin ƙarshe a sake dubawa.

Da wace manhaja za a yi wannan aiki? Galarin da ya zo da waya yana jera hotuna bisa rana, yana kuma raba su folda-folda, wannan ma ya wadatar da yawancin bukata. A watan Yulin 2019 kamfanin Google ya ƙaddamar da wata ƙaramar manhaja mai suna Gallery Go, kuma a Legas aka sanar da ita. Nauyinta wajen megabayit 10 ne, ba ta bukatar data, tana kuma ware hotuna da kanta: na takardu gefe guda, na mutane gefe guda. Yanzu Gallery kawai ake kiranta. Ga wanda ke zaune inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ita na fi ba da shawara. Babbar yayarta, Google Photos, wadda ta fito a 2015, ta fi ta iya nema nesa ba kusa ba. Ana rubuta mata wata da shekara ko sunan gari ta kawo, har rubutun da ke jikin rasit tana iya karantawa. Amma sai an loda hotunan a intanet, wato cin data, kuma tun 1 ga Yunin 2021 duk abin da aka loda yana cin gigabayit 15 ɗin da ake ba kowa kyauta. Akwatin nemanta kuma Turanci ya fi ji, sunan wata ma da Turanci za a rubuta mata.

Inda rana take ƙarya

Na farko, hoto ɗaya yana iya ɗaukar rana fiye da ɗaya: ranar da aka ɗauke shi, da ranar da fayil ɗin ya shigo wannan wayar ko aka taɓa shi. Ta farko tana cikin hoton, ta biyu kuwa wayar ce take riƙe da ita. Shi ya sa wani lokaci mutum zai sayi sabuwar waya, a kwafe masa hotuna a shagon caji, ya buɗe ya ga hotunan shekara biyar duk sun taru a rana ɗaya. Ba su lalace ba. Galarin ne yake jera su bisa ranar shigowa. A duba saitinsa a mayar da jerin bisa ranar ɗauka ko bisa suna.

Na biyu, agogon waya. Idan agogo ya karkace, kyamara za ta rubuta karkatacciyar rana da zuciya ɗaya, ba ta da hanyar sanin kuskure ne. A shiga saiti a tabbata rana da lokaci suna kan daidaita kansu daga layin sadarwa.

Na uku shi ne babba, domin ta nan yawancin hotunanmu suke shigowa. Idan aka tura hoto ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar tana matse shi ya rage nauyi, tana share bayanan bayansa, tana kuma sauya masa suna. Hoton da ya baro wayar mai shi da nauyin megabayit 3 sai ya iso bai kai rabin megabayit ba, da suna irin IMG-20240412-WA0007.jpg. Haruffan WA su ne alamar. Ranar da ke cikin wannan suna ba ranar ɗauka ba ce, ranar da hoton ya bi ta WhatsApp ce. Yana iya zama hoton jiya, yana iya zama na shekara goma. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi hattara da hotunan tashin hankali da ake yaɗawa a guruf ana cewa yanzu-yanzu abin ya faru a gari kaza. Ba abin da ke jikin irin wannan hoto da zai gaskata rana ko wuri. Hoton allo, wanda ake kira sikirinshot, shi ma haka: ranar da aka ɗauki allon yake nunawa.

Idan ana son hoto ya isa da bayanansa cif, a tura shi a matsayin dokumen. A WhatsApp a danna alamar maƙala abu, a zaɓi Document, sannan a nemo hoton. Zai fi cin data, amma zai je da sunansa da ranarsa da kyansa. Xender da Bluetooth da kwafewa ta memori su ma ba sa taɓa cikin fayil. Manomin da yake son malamin gona ya kwatanta ganyen tumatir na makon jiya da na yau, ko ɗan kasuwar da ke tura shaidar lodi, ta wannan hanya ya kamata su bi.

Duk da haka kada wani ya ɗauka ranar da ke jikin hoto hujja ce da ba ta da makawa. Ana iya gyara ta, manhajoji da yawa suna ba da damar haka. Tana taimaka wa mai gaskiya ya tuna, amma ba ta maye gurbin shaidu da takarda.

Wuri, da abin da ke tattare da shi

Idan lokeshan yana kunne, kuma an ba kyamara izini, waya tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam na GPS ta rubuta lambobi biyu a jikin hoto, ɗaya na arewa ɗaya na gabas. Yankinmu duk yana kan 11 da 'yan kai a arewa. Lambar gabas ta Hunƙuyi da ta garin Maƙarfi da 7 take farawa, ta garin Ikara kuma da 8. Samun lambobin ba ya bukatar data, amma juya su su koma sunan gari sai da taswira, kuma taswirar ba kowane ƙauye ta sani ba. Hoton da aka ɗauka a wata unguwa a bayan Likoro tana iya liƙa masa sunan gari mafi kusa. Idan an rubuta sunan ƙauye ba a samu ba, a gwada na babban garin ko na ƙaramar hukuma.

Ga mai gona biyu ko uku, wannan abu ne mai amfani ƙwarai. Ganyen masara duk kama ɗaya yake a hoto, amma lambobin za su nuna wanne ne na fadama wanne ne na tudu.

Sai dai abin da ya nuna maka gonarka zai nuna wa wani gidanka. A watan Disambar 2012 'yan sandan ƙasar Belize suna neman wani attajirin Amurka, John McAfee, domin yi masa tambayoyi kan kisan maƙwabcinsa. 'Yan jaridar mujallar Vice da ke tare da shi suka sa hotonsa a intanet ba su share bayanan wuri ba. Nan da nan masu karatu suka gano yana Gwatamala, kuma ba a yi kwanaki ba aka kama shi a can. Wannan mutum da manhajar tsaron kwamfuta ya yi suna, amma hoto ɗaya ya tona shi. A wannan zamani na rashin tsaro, hoton garken shanu, ko na rumbu cike da hatsi, ko na ɗakin amarya, idan ya tafi a matsayin dokumen to da adireshinsa ya tafi. Ƙa'idar ita ce: wanda aka yarda da shi kuma yake bukatar bayanan, a tura masa dokumen. Wanda ba a sani ba, a tura masa hoto kawai. Mata musamman, masu tallar ɗinki ko turare ko abinci daga cikin gida, gara su kashe wa kyamara izinin wuri gaba ɗaya.

Abin da sai kai za ka rubuta

Duk iyawar waya, ba ta san cewa mutumin da ke tsaye a hagu dillali ne da ya karɓi kwando goma bashi ba. Nan ne yawancin mutane suke sakaci, kuma nan ne ɗan ƙaramin aiki yake biya.

Ba a ce a bi hotuna 4,000 ana rubuta wa kowanne bayani ba, ba mai wannan lokaci. Waɗanda za a iya nema wata rana su ne abin kula: takardu, rasit, shaidar biya, iyakar gona, kayan da aka ba da bashi. Waɗannan a sauya musu suna a ranar da aka ɗauke su, tun abin yana kai. A fara da shekara, sai wata, sai abin da ke ciki, sai wuri, kamar haka: 2023-06-rabon-taki-Hunkuyi. Dalilin sa shekara a gaba shi ne idan aka jera bisa suna, sai su bi juna daga tsoho zuwa sabo da kansu. Sannan a buɗe musu folda tasu, ta gona daban, ta ƙungiya daban, ta iyali daban. Folda biyar da ake amfani da su sun fi talatin da aka manta.

A tsaya kan kalma ɗaya da rubutu ɗaya. Wanda yau ya rubuta tumatir, gobe tumatur, jibi timatir, ya raba kayansa gida uku, kuma nema ɗaya zai kawo masa kashi ɗaya ne kawai. Haka haruffa masu lanƙwasa: na'ura tana ɗaukar ƙ da k a matsayin haruffa biyu daban, don haka wanda ya ajiye da Maƙarfi ya nema da Makarfi yana iya tashi a tutar babu. Ni a sunan fayil na fi son a bar lanƙwasa, domin ba kowace waya ke da waɗannan haruffa a allon rubutunta ba, kuma wata rana wani ne zai nema ba kai ba. Ƙungiya kuwa ta zauna ta amince da kalmominta, a rubuta su a littafin taro, don kada sabon sakatare ya zo da nasa salon.

Akwai tambayar da ya kamata a riƙa yi: wannan bayani da na rubuta, ina yake zaune? A Google Photos akwai wurin rubuta bayani a ƙarƙashin hoto, kuma ko da Hausa aka rubuta, nema zai kawo shi. Amma a asusun mutum yake zaune, ba lalle ya bi hoton ba idan an kwafe shi zuwa memori. Sunan fayil ya fi shi juriya. A kwamfuta mai Windows kuwa, irin wadda ke shagunan buga takardu da ofisoshin ƙaramar hukuma, ana danna hoto da maɓallin dama a shiga Properties, sannan Details, a rubuta kalmomi a layin Tags. Wannan a cikin fayil ɗin yake shiga, duk inda hoton ya je da shi zai je. Daga baya idan aka rubuta tags:taki a akwatin nema, duk hoton da aka yi wa wannan alama zai fito. A nan ne kuma ake iya ƙara layin Date taken a jerin fayiloli, a danna ɗan kibiyar da ke gefensa a zaɓi daga rana kaza zuwa rana kaza. Masu ɗaukar hoton biki da ke tara dubun dubata suna iya neman digiKam, manhaja ce ta kyauta da aka yi domin wannan aiki.

Tsofaffin hotunan kati suna bukatar kulawa ta daban. Idan aka ɗauki hoton katin mahaifi na dawowa daga Makka da waya, ranar yau za ta rubuta, ba shekarar da ya sauke farali ba. A juya katin a ɗauki bayansa ma idan da rubutu. Idan babu, a kai wa wata gwaggo ko wani kawu da ya san mutanen, a ce, "Gwaggo, wane ne wannan na kusa da Baba?" a rubuta amsar a sunan fayil ɗin nan take.

Aikin aji da na gida

1. Kowa ya buɗe hoto ɗaya da ya ɗauka da kansa da ɗaya da aka turo masa ta WhatsApp. A kwafe sunayen fayilolin biyu a littafi, a rubuta nauyin kowanne, a faɗi bayanin da ke jikin na farko wanda babu a na biyu.

2. A karanta wannan suna a faɗi shekara da wata da rana da lokaci: IMG_20230628_074410.jpg. Wace rana ce wannan a wurinmu?

3. Ku zauna bibbiyu. Ɗaya ya faɗi wani hoto da ya san yana wayarsa amma ya daɗe bai gani ba. Ɗayan ya yi ta yi masa tambayoyi, damina ce ko rani, kafin Salla ko bayanta, wa ya ɗauka, har su tsayar da wata ɗaya kafin a taɓa wayar. Sannan a nema.

4. A tura hoto ɗaya ga abokin zama sau biyu, sau ɗaya a matsayin hoto, sau ɗaya a matsayin dokumen. Shi kuma ya buɗe bayanan kowanne ya nuna wa aji. A zaɓi hoton da aka ɗauka a harabar makaranta, ba na gida ba.

5. A gida, a zaɓi hotuna goma na takardu ko na sana'a, a sauya musu suna bisa tsarin shekara da wata da abu da wuri, a sa su a folda ɗaya. Wanda wayarsa ba ta ba da damar sauya suna daga galari ba, ya gwada ta manhajar fayiloli, ko ya zo da ita aji mako mai zuwa a duba tare.